Gani Ya Kori Ji: Baje Kolin Duniya Da Yaran Ƙasar Rano

A zamanin nan, kowace shekara biyar ƙasashen duniya sukan zaɓi wani babban birni su taru a cikinsa har wata shida, kowace ta kafa rumfarta, ta baje abin da ƙasarta ke fitarwa da abin da hannun mutanenta ya iya. Wannan shi ake kira Baje Kolin Duniya. Na Dubai an buɗe shi cikin Oktoba 2021, aka rufe cikin Maris 2022, ƙasashe 192 suka halarta, har da Nijeriya. Na bayansa an yi shi a Osaka ta ƙasar Japan a 2025, mai zuwa kuwa an ba Riyad, babban birnin Saudiyya, shekarar 2030.

To, watakila mai karatu ya ce, ina ruwan mutumin Rurum ko na Kibiya da bukin da ake yi a bayan teku? Da ruwanmu ƙwarai. Na farko, an taɓa ɗaukar sana'armu aka kai irin wannan taro shekara ɗari da suka wuce. Na biyu, wannan buki yana da ƙanne a nan gida, a Kaduna da Kano, iyayenmu kuwa sun kai mu muna yara, abin da muka gano a can har yau muna cin amfaninsa. Na uku, shi ne wanda ya sa muka ɗauki alƙalami, yaran da muke koyarwa yanzu galibinsu ba wanda ya taɓa kai su.

ASALIN ABIN

A Landan aka fara, cikin 1851. Yarima Albat, mijin Sarauniya Biktoriya, shi ya tsaya a kan al'amarin, aka gina wani ƙasaitaccen gida na ƙarfe da gilashi, aka cika shi da injuna da tufafi da kayan ƙira na ƙasashe daban-daban. Daga watan Mayu zuwa Oktoba mutum wajen miliyan 6 suka shiga kallo. Daga nan abin ya zama al'ada. A taron Filadalfiya ta Amurka, cikin 1876, mutane suka ga wayar tarho tana sabuwa, suna ta mamakin yadda murya ke bin waya. Doguwar hasumiyar nan ta ƙarfe da ke Faris, mai tsawon mita 300, saboda taron 1889 aka gina ta.

Ga wani abin lura. A cikin wannan shekara ta 1851 da Turawa ke baje kolinsu, wani Bajamushe matafiyi, Dokta Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarimu, ya sauka a Kano. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne tufafin da ake saƙawa ana rinawa a birni da ƙauyuka, ana kai su har Tarabulus da Tumbutu. Mu mutanen Rano ba mu bukatar Bature ya gaya mana wannan, domin tun cikin labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba. Maƙwabtanmu na Kura kuwa, rininsu da bugunsu ya sa har Buzaye a cikin hamada sun san ɗan Kura. Watau lokacin da aka fara baje kolin duniya, mu ma masu yin kaya ne, ba masu saye kaɗai ba.

GANUWA A TSAKIYAR INGILA

Ran 23 ga Afrilu 1924 Sarkin Ingila Joji na Biyar ya buɗe wani babban baje koli a Wembili, wata unguwa a gefen Landan. Wannan bai haɗa duniya duka ba, na ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin Ingila ne, amma a wancan zamani su ma ba kaɗan ba ne. An ci shi a 1924, aka sake buɗewa a 1925, masu shiga kallo suka kai wajen miliyan 27. Shahararren filin ƙwallon nan na Wembili, na farkon, saboda wannan taro aka gina shi.

Sashen Afirka ta Yamma shi ya fi shafarmu. Nijeriya da Gwalkwas, watau Ghana ta yau, da Saliyo aka haɗa wuri ɗaya, aka kewaye su da jar ganuwa mai ƙofofi, wadda aka kwaikwayo daga ganuwar biranen Arewa. A ciki aka baje gyaɗa da auduga da fatu da kuza da manja. Aka kuma kawo masu sana'a daga gida, cikinsu har da Hausawa, masaƙa da dukawa da maƙera, suna zaune a cikin ganuwar suna aikinsu, Turawa na kewayawa suna kallo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya riga ya ga Ingila a 1921, ya koma a 1924 ya ga taron da idonsa.

Amma fa abin bai yi wa kowa daɗi ba. Waɗansu jaridun Ingila suka riƙa rubutu a kan mutanen da ke cikin ganuwar da kalmomin wulaƙanci, kamar su ma kayan kallo ne aka jera tare da buhunan gyaɗa. Ɗaliban Afirka ta Yamma da ke karatu a Landan suka tashi suka kai kuka, cikinsu har da Ladipo Solanke, mutumin Abekuta mai karatun lauya, wanda a 1925 ya jagoranci kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma a can. Darasin da ke ciki a fili yake. Mutum yakan je baje koli a ɗayan hali uku: ko ya je ya nuna abin da ya yi, ko ya je ya koyo, ko kuwa a kai shi a kalle shi. Na ukun nan ya wuce da mulkin mallaka, ba ma fatan ya dawo. Saura biyu, su kuwa sai da na biyu ake samun na farko.

TAFIYARMU KADUNA

Bayan samun mulkin kai sai Nijeriya ta fara nata. An yi babban nuni a Ikko cikin Oktoba 1960 tare da bukin 'yanci. Baje kolin ƙasa da ƙasa na Kaduna kuwa, wanda ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kaduna ke shiryawa, an fara shi a 1979, galibi kuma yakan faɗo wajen Fabrairu ko Maris, hunturu na ban kwana. Shi ne baje kolin duniyarmu, mu yaran wancan lokaci, domin a nan muka fara ganin tutocin ƙasashen da sai a taswira muka san su.

Cikin 1990 mahaifinmu ya kai mu, mu huɗu: yayarmu mace, da mu biyu da ke firamare, da autanmu ɗan shekara shida. Mahaifinmu manomi ne, ba ya karanta boko, amma rediyo ba ta rabuwa da kunnensa, a nan ya ji sanarwa. Ya sayar da buhun dawa biyu saboda tafiyar. Baffanmu ya yi ta faɗa, yana cewa, "Yaya, wannan ai ɓarnar dukiya ce. In kallo kake so ka tafi kai kaɗai mana, me yara za su gane? Balle har da 'ya mace." Baba bai tanka ba sai da ya gama alwala, sa'an nan ya ce, "Ni na riga na tsufa da jigo. Su nake so su gani."

Inna ta kwana tana haɗa guzuri, dambu da ƙuli-ƙuli da fura a cikin ƙwarya an ɗaure da tsumma. Ta kwance bakin zanenta ta ba yayarmu kuɗin da ta tara na kitso, ta ce a sayo mata kwanon samira mai murfi. Muna idar da sallar asuba muka shiga mota, buji ya rufe duwatsun Rurum ba ka ganin komai sai inuwarsu. Muka hau babbar hanya, Kwanar Dangora, Tashar Yari, Zariya, Jaji, kowane gari Baba ya faɗi sunansa mu maimaita. Kafin azahar muna Kaduna, muka sauka a gidan wani ɗan garinmu da ke aiki a masaƙa a Kakuri.

Kai, ranar nan idonmu ya sha kallo! Ga tutoci jere iska na kaɗa su, ga lasifika ta ko'ina kowace da abin da take faɗa, ga mutane kamar ranar hawan salla. Muka ga motocin Peugeot sababbi ƙal, waɗanda ake harhaɗawa a nan Kaduna tun 1975, an buɗe gaban ɗaya kowa na leƙa injin. Muka ga atamfofin masaƙun Kaduna an rataya su tun daga rufin rumfa har ƙasa, mai masaukinmu yana nuna wata yana cewa da hannunsa ta bi. Muka ga taraktoci, da injin casar shinkafa, da injin niƙa, da irin masara da gyaɗa na masu binciken aikin gona na Samaru an zuba cikin kwalabe da sunan kowane. A rumfunan baƙi muka ga mutanen Sin da na Indiya da Turawa, muka riƙa tara takardun talla masu hotuna, ko da ba mu iya karanta rabinsu ba.

YARON DA YA ƁACE

Wajen la'asar sai muka waiga ba auta. Wanda bai taɓa ɓatar da yaro cikin taro a baƙon gari ba, ba zai san abin da ya sauko wa Baba ba. Ya riƙe hannunmu gam, muna bin rumfa rumfa, yayarmu na kuka tana cewa me za ta gaya wa Inna. Aka yi cigiya a lasifika har sau biyu, shiru. Can sai wani mai sayar da rake ya ce ya ga wani yaro mai jar hula a wajen masu injin ruwa.

Ko da muka isa, ga shi tsugune, rigarsa ta jiƙe sharkaf, bai ma san ana nemansa ba. An ajiye wani ƙaramin injin ban ruwa, wanda mutum biyu za su iya ɗauka, mesa ɗaya a cikin duro, ɗaya tana feso ruwa ya koma cikin duron. Mun zaci Baba zai kai masa mari. Sai ya tsaya ya yi hamdala, ya dubi yaron, ya dubi injin, shi ma ya tsuguna. Ya ce wa mai kula da rumfar, "Malam, don Allah wannan abin yaya yake jawo ruwa?"

Mutumin nan, Allah ya saka masa da alheri, bai raina mu ba don ya ga mu 'yan ƙauye ne. Ya kashe injin, ya kwance murfin, ya nuna mana wata 'yar fanka ta ƙarfe a ciki. Ya ce fetur ke juya injin, injin ya juya fankar, ita kuwa in tana juyawa da sauri sai ta watsa ruwan da ke cikin tukunyar waje, gurbin da ya bari sai wani ruwan ya biyo mesa ya cike. Saboda haka tilas a fara cika tukunyar da ruwa kafin a tayar, in iska ce a ciki ba abin da zai hau. Ya ƙara da cewa irin wannan inji ba ya ɗago ruwan da zurfinsa ya wuce kamar mita 7 ko 8, komai ƙarfinsa, don haka a fadama ya dace, inda ruwa ke kusa. Baba ya ce, "In ya lalace fa, wa ke gyarawa?" Mutumin ya yi dariya ya ce, "Maigida, duk wanda ya iya babur ya iya wannan." Baba ya juyo ya dube mu ya ce, "Kun ji ko?"

Sai da muka yi shekaru muna makaranta kafin muka gane dalilin mita 7 ko 8 ɗin nan: ashe nauyin iskar da ke danne fuskar ruwa shi ke tura shi cikin mesa, nauyin nan kuwa yana da iyaka. Ranar da malamin kimiyya ya zo kan wannan darasi, ajin duka na ta fama, mu kuwa kamar ana ba mu labarin gidanmu, domin mun riga mun ga fankar da idonmu.

TSARABA

Ba mu sayi injin ba. Lokacin tsadar kaya ce, tun da aka karya darajar naira a 1986 duk abin da ya fito waje ya fi ƙarfin talaka. Kwanon Inna kaɗai muka sayo, da alawa, da tarin takardun talla. Baffa ya tarye mu yana murmushi, ya ce, "To, ina abin da buhu biyu ya sayo?"

Amsar ba ta zo a ranar ba. Rurum tana maƙwabtaka da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta kuwa shi ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Duk da haka mu a lambunmu da jigo muke ban ruwa, tun asuba har hantsi ba a gama fegi kaɗan ba. Bayan damina biyu Baba da Baffan nan mai faɗa da wani maƙwabci suka haɗa kuɗi suka sayi inji ɗaya, suna karɓa-karɓa. Lambun da ke ba mu albasar miya ya koma ana loda tumatir da albasa a mota. Daga cikin kuɗin nan aka biya mana makarantar gaba da firamare. Autan da ya ɓace shi ya zama mai kwance injin in ya ƙi tashi, yau kuwa sana'arsa ke nan, da yara shida a ƙarƙashinsa suna koyo. Yayarmu, wadda aka ce ba ta da abin gani, ta tsaya a rumfar kekunan ɗinki ta ƙi motsi sai da aka bar ta ta taka ɗaya, da keke aka kai ta ɗakin miji, da shi ta yi wa 'ya'yanta hidimar makaranta. Kwanon samira kuwa yana nan cikin jeren Inna, fentinsa ya ɗan ɓare a gefe, ba ta yarda kowa ya ci abinci a ciki.

Ba mu kawo wannan don gidanmu ya fi na kowa ba. Ku tambayi sa'o'inmu a Rano da Kibiya da Bunkure, za ku sami waɗanda wata tafiya irin wannan ta buɗe musu ido, wani a Kaduna, wani a Kano, wani a nunin amfanin gona da akan yi a hedkwatar ƙaramar hukuma.

YAU FA?

Abubuwa sun sake. Masaƙun Kakuri da muka ga atamfarsu sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya tun farkon shekarun 2000, mai masaukinmu ma gida ya komo. Karofin da suka sa aka kira mu sarakunan baba, da yawansu sun cike da ƙasa. Wanda ya shiga baje koli yanzu zai ga rumfunan masu sayar da kayan da aka yi a wata ƙasa sun fi na masu nuna abin da suka yi da hannunsu. Kuɗin mota ya yi tsada, iyaye kuma suna ɗar-ɗar da hanya. Waɗannan duk gaskiya ne, ba mu musa ba.

Akwai kuma masu cewa ai yanzu duniya tana cikin wayar hannu, yaro na kwance a ɗaki zai ga Dubai da Osaka. Haka ne, zai gani. Amma waya ba ta kwance murfin inji ta miƙa maka fanka ka ji nauyinta, ba ta kuma jiƙa maka riga. Abin da yaro ya gani a waya yakan ɗauka na waɗansu mutane ne can, masu wata irin ƙwaƙwalwa. Abin da ya taɓa da hannunsa, ya ga mutum irinsa mai jin Hausa ya kwance ya ɗaura, shi ne yake cewa a ransa, ashe ni ma zan iya. A makarantunmu muna da ɗalibai masu shirin zama malamai da za su zana maka injin ban ruwa a allo ba kuskure, amma ba su taɓa ganin cikinsa ba. Wanda bai gani ba, yaya zai nuna wa na bayansa?

SHAWARARMU

Ba mu ce kowa ya kai ɗansa Riyad ba. Baje kolin Kaduna yana nan a filinsa na wajen Rigachikun, a kan hanyar Zariya. Na Kano ya fi kusa da mu, a filin da ke kan titin gidan namun daji, galibi wajen ƙarshen shekara, bayan kaka, lokacin da manomi ke da ɗan abin hannu. Mutumin Rurum zai tafi da safe ya kwana a gidansa.

Ga iyaye, muna roƙo duk wanda ya sami hali ya tafi da yaro ko biyu, maza da mata, kada a bar su a wajen lilo da masu kiɗa kaɗai. Ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: in aka fara tara ɗan abin da ya sawwaƙa tun farkon zango, mota ɗaya ta 'yan aji shida ba za ta gagara ba. Ga ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, taimakon mota da man da za ta sha ba zai girgiza baitulmali ba. Ga malamin da zai raka su, kada ya tafi da yara hannu rabbana. Ya ba kowane yaro tambaya uku da zai yi a rumfar da ta ba shi sha'awa: wa ya yi wannan, da me aka yi shi, in ya lalace wa ke gyarawa? In an komo kowa ya tashi gaban aji ya ba da amsa.

Inda tafiya ta gagara sam, to, a kawo baje kolin gida. Rana ɗaya a shekara a share filin makaranta, a gayyato maƙeri da baduku da masaƙi da marini in akwai saura, da mai gyaran inji da mai haɗa wutar sola, da matan da ke kaɗi da saƙar tabarma. Kowa ya zo da kayan aikinsa, ya zauna a matsayin malami, yara su tambaya ya amsa, a kira sunansa a gode masa gaban jama'a. Kakanninsu sun zauna a cikin ganuwar Wembili baƙi na kallonsu ba mai tambayarsu. Ya kamata jikokin su sami masu tambaya a garinsu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ke aji huɗu a Rurum bana, kafin a buɗe taron Riyad ya shiga sakandare, kafin a yi biyu bayansa ya zama magidanci. Ko zai tsaya a gaban rumfa yana taya kayan wani, ko zai tsaya a cikinta yana bayanin nasa, wannan ya danganta da abin da muka nuna masa yanzu. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ba masu rai lafiya, ya kuma ba mu ikon yi wa na baya abin da aka yi mana, amin.